Filin Masu Keke: Wane Kirank Ne Zai Zauna a Firam Ɗina?

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonnin wannan karon kusan duk waje ɗaya suka nufa, wato bututun nan gajere da ke can ƙasan firam, inda aksul ɗin feda yake ratsawa, wanda zan riƙa ce ma gida. Kofuna da boris da ke zama cikinsa su ne za ku ga an rubuta BB a jikin kwalinsu, kirank kuma hannayen feda biyu ne haɗe da farantin da sarƙa ke hawa. Na zaɓo shida, sauran ku yi haƙuri sai wani jiƙon.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina da keken hawa dutse na hannu, tokumbo, sai na ga kirank ɗin Shimano Tiagra irin na keken tsere a intanet na yi oda saboda ina son babban faranti in riƙa gudu a kwalta, toh ya iso kofunan sun ɗauru lafiya lau amma hannun hagu ya ƙi shiga har ƙarshe kuma farantin yana gogar ƙarfen firam. Bakanike ya ce in bari ya goge gefen gidan da injin gurza zai zauna. In bari? Daga wani mai karatu a Kaduna.

AMSA: Kar ka bari ɗan'uwa, wallahi kar ka bari, in an gurje ƙarfen nan ba ya dawowa. Ka kifa keken ka ɗora rula a kan gidan daga wannan baki zuwa wancan, ƙarfen firam ɗin kawai banda kofuna, ina da yaƙinin 73 za ka gani a milimita. Kekunan tsere masu tiredi, wato layukan cikin gida da ake murza kofi a kansu, gidansu yawanci 68 ne, na hawa dutse kuma yawanci 73, kodayake akwai tsofaffi masu 68. Abin da ke yaudarar mutane shi ne tiredin cikin su biyun iri ɗaya ne sak, na Ingila, shi ne za ka ga an buga 1.37 x 24 a jikin kofi, wato kauri inci 1.37 da layi 24 a kowane inci, shi ya sa naka suka ɗauru ba gardama har ka ɗauka an gama magana.

Matsalar a aksul take. Irin wannan kirank ɗin da Shimano ke kira Hollowtech II aksul ɗinsa manne yake da hannun dama, kaurinsa milimita 24, kuma tsawonsa an yanke shi ne daidai gida mai 68 da kofuna biyu a waje, ba a bar rara ba. Kai kuma gidanka ya cinye milimita 5 ƙari, kaga kenan haƙoran da hannun hagu zai kama sun ragu da milimita 5, kuma akwai wani ɗan faifan roba a tsagar hannun hagun mai ɗan tsinke da ya kamata ya faɗa rami a jikin aksul, in ka duba za ka ga naka bai kai ramin ba. Mutum ya miƙe tsaye yana taka feda a hawa hannun nan ya zame, Allah ya kiyaye, ba ƙaramin rauni ba ne.

Kuma ko da a ce ka yarda an gurje 5 ɗin, ba ka tsira ba, don ƙarfen firam da ya tafi wajen tayar baya a keken dutse a buɗe yake saboda faffaɗar taya, faranti mai haƙora 50 ko 52 ba shi da wajen wucewa, kirank ɗin tsere kuma an yi shi ne farantansa su zauna kusa da firam, milimita 43.5 daga tsakiyar firam. Sai ka tashi ka lalata firam kuma farantin yana nan yana gogar. Shawarata ka sayar da shi tun yana sabo, ka nemi kirank na keken yawo mai faranti uku 48, 36, 26 wanda aka yi wa gida 68 da 73 duka, haƙora 48 a gaba da 11 a baya sun ishe ka gudu a kan titin Kaduna, in ma ka samu titin da babu ramuka da 'yan adaidaita. Amma shi ma ka duba akwai tazara tsakaninsa da firam kafin ka biya.

TAMBAYA: Oga ni akasin haka ne, firam ɗina 68 ne na auna, na sa kirank na keken dutse Shimano Deore, an ɗaure komai tamau amma in na kama feda na jijjiga sai in ji yana tafiya dama da hagu. Boris ne ya mutu tun yanzu? Daga Zariya.

AMSA: Boris ɗinka lafiyarsa ƙalau inaga, washoshi ne babu. A cikin kwalin BB na keken dutse na Shimano akwai zobba uku na roba baƙaƙe, kowanne kaurin milimita 2.5, mutane da yawa sai su ɗauka tarkacen kwali ne su zubar. Aikinsu shi ne su cike giɓi. Gida mai 73 ana sa ɗaya ne a dama kawai. Gida mai 68 irin naka duka ukun ake sawa, biyu a dama wajen sarƙa ɗaya a hagu, tsakanin kofi da firam. Ka lissafa ka gani, 68 da 7.5 ya ba ka 75.5, haka 73 da 2.5 shi ma 75.5, wato kirank ɗin faɗi ɗaya ya sani, washoshin ne ke kai kowane firam wajen. Ka koma wajen wanda ya ɗaura maka ka tambaye shi ina ya kai su. In kirank ɗin kamfanin SRAM ne mai tsarin da suke kira GXP lissafin daban ne, ɗaya dama ɗaya hagu a gida 68, a 73 kuma ba a sa ko ɗaya, kuma kofunansa ba sa aiki da Shimano don shi aksul ɗinsa 24 ne a dama ya tsuke zuwa 22 a hagu.

Sannan a naka na Shimano, murfin robar nan na gefen hagu ba ɗaure kirank yake ba, matso shi kawai yake har wasan ya ɗauke, da ɗan ƙarfin yatsu ake murza shi. Kusoshi biyu na jikin hannun su ne masu riƙewa, ana ɗaure su bi da bi, kaɗan nan kaɗan can.

TAMBAYA: Salam Malam. Kekena irin mai aksul mai kusurwa huɗu ne, tsohon BB ɗin ya fara ƙara sai na je kasuwa na ce a ba ni BB aka ba ni, tun da aka sa sarƙa ta daina hawa babban faranti ko na tura giya har ƙarshe, kuma in ina babbar giyar baya sai ta yi ta kuka. A jikin sabon an rubuta 68 da 127.5, tsohon na yar. Daga wani ɗalibi a Katsina.

AMSA: Yar da tsohon da ka yi shi ne ya ƙara mana aiki, amma ba komai. Lambobin nan biyu kowacce da mai ita. Ta farko 68 ta firam ce, faɗin gida. Ta biyu 127.5 tsawon aksul ne daga wannan kai zuwa wancan, kuma ita kirank ne yake yanke ta, ba firam ba, ba kuma mai shago ba. Ana yin su 103, 107, 110, 113, 118, 122.5, 127.5 da wasu a tsakani, saboda kowane kirank da yadda aka lanƙwasa hannunsa, wani ramin nasa yana can ciki yana son gajere, wani a miƙe yake yana son dogo. Shiga shago ka ce a ba ka BB kawai kamar ka ce a ba ka hula ne ba ka faɗi lambar kai ba, wadda ke kusa da hannunsa zai miƙo maka.

Naka ya yi tsawo, ya tura farantan waje har mai canza giya na gaba ya kasa kaiwa, sarƙar kuma tana tafiya a karkace shi ya sa take kuka, kuma haka za ta yi ta cin haƙora. Ga yadda za ka gano wanda ya dace. Ka auna daga tsakiyar bututun da sirdi ke shiga zuwa haƙoran farantin tsakiya, a keken dutse mai faranti uku ana son 47.5 zuwa 50. Tunda tsakiyar bututu ba ta kamuwa da rula, ka auna kaurinsa ka raba biyu, misali in 28.6 ne rabinsa 14.3, sai ka auna daga gefen bututun zuwa haƙoran ka haɗa. A ce ka samu 55, ka wuce da kamar 7 kenan, kuma tunda aksul ta gefe biyu yake raguwa sai ka ninka, 14, ka cire daga 127.5, ka sauka wajen 113. Lissafin ba ya fita cif kullum don wasu aksul ɗin gefen damansu ya ɗan fi tsawo, amma zai kai ka kusa. Hanya mafi sauƙi ma ka duba bayan hannun kirank akwai lambar samfuri, in na Shimano ne tana farawa da FC, ka buga ta a intanet za ka ga tsawon da kamfanin ya ce, irin su Tourney masu araha da yawansu 122.5 suke ci.

Kar kuma ka zarce ka sayo gajere sosai, sai ƙaramin faranti ya kama firam, a bar ko milimita 3 ne tsakani. Akwai kuma wani ɗan bambanci a kan aksul ɗin kansa, na Japan da ake rubutawa JIS da na Turai ISO, na Turan bakinsa ya fi siriri don haka kirank ɗin Japan yana nutsewa a kansa da kamar milimita 4.5, amma abin da ya cika kasuwanninmu JIS ne, sai dai in tsohon keken tsere na Italiya ya faɗo hannunka.

Abu ɗaya da nake roƙo, a daina fitar da kirank da guduma. Akwai ɗan ƙarfen da ake murzawa a cikin tiredin hannun ya turo shi waje salin alin, ba shi da tsada, duk mai gyaran keke ya kamata ya ajiye. Kuma in ka ji hannun hagu ya fara lilo ka sauka ka ɗaure nan take, in ka ci gaba da takawa ramin alminiyon zai buɗe ya zama ba kusurwa, daga nan ko gwangwani nawa aka cusa ba zai ƙara zama ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, akwai tsohon Raleigh na mahaifinmu baƙi mai birkin sanda, ƙirar Ingila, ina so in tayar da shi. Na sayo kofuna sababbi na baƙin keke sun shiga zagaye biyu uku sai su cije. In sa ƙarfi? Daga Gusau.

AMSA: Allah ya saka da alheri da ka tuna da shi, irin waɗannan kekunan in an kula da su sai su ga jikoki. Kar ka sa ƙarfi. Tsofaffin Raleigh da aka ƙera a masana'antarsu ta Nottingham tiredinsu na kansu ne, layi 26 a kowane inci, alhali yawancin kekuna 24 suke yi, kaurin kuma kusan ɗaya, shi ya sa kofi yake fara shiga sannan ya cije. Faɗin gidan ma ba 68 ba ne, za ka samu 71 ko 76. In kana son tabbatarwa ka ɗauki tsohon kofi da sabo ka haɗa tiredinsu gefe da gefe ka ɗaga wajen haske, in iri ɗaya ne haƙoran za su shige juna ruf, in ba haka ba za ka ga haske yana ratsawa.

Ni dai da ni ne tsofaffin kofunan zan wanke da kananzir in duba, ƙarfensu mai tauri ne sosai, sau tari ba abin da ya same su in ban da busasshen giris. Ka canza boris, ƙwaya 11 kowane gefe masu kwatan inci, ka cika da giris, ka ɗaure na dama tamau, na hagu kuma ka daidaita shi har aksul ya juya ba wasa ba cijewa sannan ka kulle da zobensa. In aksul ɗin ne ya yi ramuka ka tafi da shi kasuwa a hannu a gwada, abin dubawa shi ne tazarar kafaɗu biyun da boris ke gudu a kai, in ta gaza kofin hagu zai nutse ciki har zoben kulle ya rasa inda zai kama. In kuwa kofunan sun mutu, tsohon Raleigh da ya zama na kayan gyara za ka nema a wajen dattawan masu gyara.

Sai kusoshin nan da ke ratsa hannun feda su riƙe shi da aksul. Na Ingila kaurinsu 9.5 ne, kuma dole ɗaya ya kalli gaba ɗaya ya kalli baya, in ka sa su fuska ɗaya hannayen ba za su miƙe layi guda ba, za ka ji kana taka feda kamar mai ɗingishi. Buga kusar ake yi ta zauna, a tokare hannun daga ƙasa da bututun ƙarfe don kar dukan ya sauka a kan boris, notin riƙewa kawai yake, in ka ce da shi za ka jawo ta tiredin zai tsinke.

TAMBAYA: Ina da tsohon Peugeot na tsere, kofin dama yana kwancewa da kansa bayan 'yan kwanaki, kuma na Najeriya da aka kawo min ya ƙi shiga sam. Daga Maraɗi.

AMSA: Gaisuwa ga mutanen Maraɗi. Tsofaffin kekunan Faransa faɗin gidansu 68 ne kamar na Ingila, amma tiredin 35 x 1 ne kuma duka gefen biyu hannun dama ake ɗaure su. Na Ingila kuwa kofin dama juyayyen tiredi gare shi, hagu ake murzawa a ɗaure, an yi haka ne da gangan saboda juyin aksul a cikin boris yana ƙoƙarin kwance kofin dama in tiredinsa na yau da kullum ne, abin da ke faruwa da naka kenan. Na Italiya ma haka suke fama, su nasu 36 x 24 ne a gida mai faɗin 70. Maganin dai a wanke tiredin tas, a ɗiga maganin kulle tiredi mai launin shuɗi, a ɗaure da dogon sifana da ƙarfi na gaske. In tiredin ya riga ya cinye akwai BB da ba ya bukatar tiredin firam, gefe biyun ne ke ɗaure juna su matse gidan, da shi sai ka sa kirank mai kusurwa huɗu. Ka lura kuma fedar Faransa ta da 14 x 1.25 ce, ta ɗan fi ta yanzu siriri, in ka canza kirank sai ka canza feda. A shekarun 1980 kamfanonin Faransa suka koma tsarin Ingila, don haka ba kowane Peugeot ne haka ba, ka karanta abin da ke jikin kofin.

TAMBAYA: Malam na sayi firam ɗin kabon na hannu, na leƙa gidan babu tiredi ko ɗaya, sumul. An cuce ni ne? Kuma wane kirank zan saya? Daga Abuja.

AMSA: Ba a cuce ka ba, haka aka yi shi, danna boris ake yi a ciki. Sai dai nan ne kamfanoni suka rikita mu kowa ya fito da nasa, tun da Cannondale ta kawo BB30 a shekarar 2000, don haka awo biyu za ka yi, faɗin gida da kuma faɗin ramin, kuma ramin rula ba za ta yi ba don bambancin milimita ɗaya ne wani lokacin, ka je wajen masu injin yankan ƙarfe su auna maka da ma'aunin nan mai baki kamar sifana. Rami 41 da faɗi 86.5 shi ne BB86, in faɗin 89.5 ne ko 92 na keken dutse ne BB92. Rami 42 da faɗi 68, da ɗan kwari a ciki inda zoben ƙarfe ke zama, BB30 ne. Rami 46 da 68 PF30, rami 46 da 86.5 kuma BB386EVO. Akwai wasu amma waɗannan ne za ka fi cin karo da su.

In BB86 ne ka huta, kirank ɗin Shimano na tsere mai aksul 24 zai shiga kai tsaye don boris ɗin suna zama ne daidai inda kofunan waje suke zama a gida mai tiredi. Za ka ga ana sayar da boris na sa aksul 30 a rami 41, yana shiga amma ni ban so, milimita 5.5 kawai ya rage kowane gefe, ƙwayoyin ƙanana ne, ƙurar hunturu ɗaya ta ishe su. In BB30 ne ko PF30 za ka iya sa mai aksul 30, ko na SRAM da suke kira DUB mai 28.99 da suka fito da shi a 2018, ko ma na Shimano, kowanne da BB ɗin da aka yi masa, wato BB shi ne mai shiga tsakani, gefe ɗaya ya dace da firam gefe ɗaya ya dace da aksul. Wanda za ka guje ma shi ne tsohon kirank ɗin BB30 na asali mai gajeren aksul, ba ya ratsa gida mai 86.5.

Wajen sawa, dan Allah kar guduma ta kusanci kabon. Doguwar kusa mai tiredi da manyan washoshi biyu da noti sun isa, a riƙa murzawa a hankali ana dubawa yana shiga a miƙe, gefe ɗaya bayan ɗaya. In kuma gidan ya ɗan buɗe yana ƙara in kana takawa, ka nemi BB irin wanda gefensa biyu ke ɗaure juna a tsakiya, yana rage ƙarar sosai.

Tunda na hannu kake saye, in aka kawo maka kirank ɗin Shimano Ultegra ko Dura-Ace mai giya 11 ka juya bayan hannun ka karanta, a 2023 Shimano ta sanar da kiran waɗanda aka ƙera kafin Yulin 2019 a duba su, FC-6800, FC-R8000, FC-9000 da FC-R9100, saboda rabi biyu ne aka manna da gam kuma wasu suna rabuwa. Ka bi layin haɗin da farce, in ka ga tsaga ko ya fara ɗagawa ka mayar masa da abinsa.